Ƙafar Malam Ɗan'azumi

Gyadi-Gyadi, Kano
Lahadi, 18 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga Yayana Mu'azu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka sojoji a can Saliyo. Inna tana nan ƙalau, sai gwiwar da ka sani. Baffa Rabi'u ya ce a gaida kofur. Ni ma lafiyata lau, makarantar da nake koyarwa muna hutu. Zafin bazarar bana kuwa ba a magana, ruwan randa ma ɗumi yake yi.

Na bar Baba a ƙarshe don maganarsa ce ta sa na ɗauki biro. Kada hankalinka ya tashi, ka karanta har ƙasa tukuna.

Kwana uku bayan Babbar Sallah yana rumfarsa yana haɗa wata ƙofa, ya taka ƙusa mai tsatsa. Ta huda silifas, ta shige ƙarƙashin ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu. Ka dai san Baba. Ya zare ta, ya ɗiga kananzir, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aikinsa, bai gaya wa kowa ba. Sai da aka yi mako guda Inna ta ji wari a ɗakinsa, ta matsa masa ya kwance.

Baffa ya ɗauko wani wanzami daga Unguwa Uku. Ya duba ya ce ciwon daji ne, daji kuwa ba ya son allura, ranar da aka yi masa ita ranar zai bi jiki duka. Ya ba da garin magani a kwaɓa da man shanu a riƙa shafawa. Kwana biyar muna shafawa, ƙafa ta kumbura har tana sheƙi, mugunya tana tsiyaya, Baba yana rawar sanyi da tsakar rana.

Nan ne na tuna da Sista Ebere. Ba ka san ta ba. Dattijuwa ce, 'yar ƙabilar Ibo, nas ce da ta yi ritaya, gidanta yana bayan kasuwar Tarauni. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Bara makero ya cinye kawunan yara goma sha ɗaya a ajina, ita ce ta zo makaranta ba wanda ya kira ta, ta bi diddigi har ta gano duk aska ɗaya ake yi musu aski da ita. Ta sami mai askin ta koya masa dafa aska, ta ba iyaye man shafawa, kafin zango ya ƙare gashi ya tsiro. Na je na same ta tana wanki. Ban gama bayani ba ta ɗauraye hannu ta ɗauki jakarta.

Yaya, da ka ga yadda matar nan ta yi. Ta yi sallama, ta rusuna ta gaida Baba, ta ce a kawo ruwan da aka tafasa da gishiri. Da ta kwance tsumman, Inna fita ta yi da gudu, ni kuma na toshe hanci da mayafi. Ita ko yatsine fuska ba ta yi ba. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, a kan zanenta mai kyau, ta danna gefen mikin.

Ta ce, "Malam Ɗan'azumi, ka ji zafi?"

Ya ce, "Ko kaɗan."

Ta ce, "To wannan rashin zafin shi ne abin tsoro. Kana yawan jin ƙishirwa? Kana yawan zagayawa?"

Baba ya dube ta ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Baffa yana bakin ƙofa ya ce ai an riga an faɗa, daji ne, kada a kuskura a yi allura. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, ban zo yin gardama da kowa ba. Ƙusa ce ta shiga da ƙwayoyin cuta, ƙanana ne, ido ba ya ganin su. Ina zaton sun tarar da suga a jini, suna ci suna hayayyafa." Sai ta juya wurin Baba. "Malam, gara ce ta shiga katako. Me kake yi wa katakon da gara ta shiga?"

Baba ya ce, "A kankare inda ta ci, a sa magani, tun ba ta kai tsakiya ba."

Ta ce, "Ka gama yi mini aikina."

Washegari ita da kanta ta raka mu asibiti. Aka gwada jini, sugan kuwa ya tabbata. Aka yi masa allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya soka, da ta kashe ƙwayoyin, aka ba shi na sha, aka hana shi shayi mai siga. Wannan hanin ya fi masa allurar ciwo. Tun ranar kullum da safe sai ta tako daga Tarauni, ta wanke, ta sa zuma a bandeji ta rufe. Zazzaɓin ya sauka.

Ta ce idan nan da mako biyu gefen mikin bai yi ja ba, to naman wurin ya mutu, sai an yanke shi a asibiti don mai rai ya sami hanyar tsirowa. Ɗan nama ne kawai a gefe, kamar yadda ake gyara farce, ba ƙafa ba, ba yatsa ba. Na faɗa maka tun yanzu don ka sani.

A nan ba a hirar komai sai miƙa mulki ga farar hula a watan gobe. Inna tana tambayar duk wanda ta gani ko hakan yana nufin za a dawo da ku gida.

Allah ya tsare ka.
Ƙanwarka,
Husaina

*

Daurawa
Lahadi, 2 ga Mayu, 1999

Yaya Mu'azu,

Sallama da gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan a zauren Saja Lawan na bataliyarku, yanzu matarsa ta aiko mini cewa hutunsa ya ƙare, yau zai kama hanyar Ikko ya hau jirginku. Inna da Baffa lafiya lau.

Maganar da na gaya maka a kan ƙafar Baba ta tabbata. Sista ta ce ba makawa sai an yanke, likita ma haka ya ce. Gobe Litinin za mu tafi asibiti. Baba ya yarda, bai ko yi musu ba. Ka taya mu da addu'a.

Ga kilishi da yaji daga Inna. Mota tana jiran Saja.

Husaina

*

Firitawun, Saliyo
10 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Husaina, ta hannun Baffa Rabi'u,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Kilishi ya iso, ban iya ci ba.

Husaina, wace magana kika gaya mini? Wace Sista? Rabona da takardarki tun ta azumi. Saja Lawan ya miƙo mini 'yar takarda, na buɗe ina murna, sai na ga za a yanke wa mahaifina ƙafa, a layi uku, kamar labarin za a yanka rago. Na tambayi Saja, ya ce shi bai shiga gidanmu ba, ya dai ji matarsa tana cewa ƙafar ta ruɓe.

Ban taɓa rubuta muku abin da na gani a nan ba, don kada Inna ta kasa cin abinci. Yau zan rubuta. A watan Janairu da 'yan tawaye suka shigo garin nan, da adda suka bi mutane. Bayan mun kore su, ni ina cikin waɗanda aka sa ɗaukar mutane zuwa asibiti. Na ɗauki manomi ba hannu. Na ɗauki tela ba hannu. Na ɗauki wata mata mai goyo, tana tambayata da me za ta kwance goyon. Akwai wani sansani da aka tara su, kullum muka fita sintiri sai mun wuce ta gabansa. Na san yadda mutum yake komawa idan an raba shi da gaɓarsa. Ban zo ƙasar mutane ina kallon wannan ba don a yi wa ubana irinsa a gida, a kan gadon asibiti, da yardar 'ya'yansa.

Baffa, don Allah ka karanta wa Baba wannan da bakinka:

Baba, ɗanka Mu'azu ne. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na shiga soja. Idan ba a riga an yi ba, na haɗa ka da girman Allah kada ka bari wuƙa ko almakashi su taɓa jikinka sai na dawo na gani da idona. Kafinta da ƙafarsa yake taka katako. Matar nan da ban sani ba, a ba ta haƙuri a sallame ta. Akwai masu magani a Kano tun kafin a gina asibiti.

Idan kuma an riga an yi, Husaina, ki gaya mini gaskiya, daga ina aka yanke.

Wani hafsa zai tafi Kano jibi, shi zai kai wannan shagon Baffa.

Mu'azu

*

Firitawun
23 ga Mayu, 1999

Ƙanwata Husaina,

Sallama. Da fatan kuna lafiya, ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Yau da hantsi aka raba mana wani buhun wasiƙu da ya yi mako biyar a yashe a filin jirgi, ruwa ya jiƙa rabinsa. A ciki na sami takardarki ta 18 ga Afrilu. Na karanta sau uku. Ɗan nama a gefe, kamar gyaran farce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Husaina, na yi ɓarna. Idan waccan takardar tawa ba ta kai kunnen Baba ba, ki karɓe ta daga hannun Baffa ki sa a murhu. Idan ta kai, ki gaya masa na janye, ban san abin da nake faɗa ba. Matar da ta ɗora ruɓaɓɓiyar ƙafar ubana a kan zanenta, ita na ce a sallama. Duk abin da ta ce a yi, a yi. Ki je har gidanta ki durƙusa a madadina.

Na zagaya bataliya kaf, ba mai tafiya gida a makon nan. Dole na sa wannan a gidan waya, kuma na san tafiyar hawainiya za ta yi. Na nemi a bar ni in yi waya, aka ce layin na manya ne. Ba abin da ya rage mini sai addu'a.

Yayanki,
Mu'azu

*

Gyadi-Gyadi
Lahadi, 13 ga Yuni, 1999

Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, damina ta sauka, an yi ruwa uku masu kyau. Bari in fara da abin da kake son ji: Baba yana raye, kuma ƙafarsa tana jikinsa. Takardarka ta biyu jiya ta iso. Ta farkon kuwa ta riga ta da mako uku, kuma ta yi aikinta. Zan ba ka labari yadda ya faru, ba don in ɗora maka laifi ba, ni ma da na ƙara layi biyu a zauren Saja da ba a kai nan ba.

Ranar 3 ga Mayu an kankare mataccen naman, ko awa ɗaya ba a yi ba muka dawo gida. Mikin ya fara yin ja, gwanin kyau, Sista tana nuna mini sabon nama yana tsirowa kamar tsaba. Ƙaramin yatsan ne kawai ya yi baƙi ya bushe. Likita ya ce ya riga ya mutu, a cire shi a ƙarshen wata kada ya ja na kusa da shi. Baba ya amince.

Ranar Asabar 22 ga wata Baffa ya shigo da takardarka, ya karanta a tsakar gida, kowa yana ji. Inna ta yi ta kuka. Na ce, "Baba, Yaya bai fahimta ba ne, bai sami wasiƙata ta farko ba." Baba ya ce, "Ya fahimta ko bai fahimta ba, yaron da yake bakin mutuwa ya haɗa ni da Allah. Idan na saɓa, ya faɗi a can, da wane ido zan dubi kaina?" Ya ce a tsayar da komai, har allura da wanki, tunda wankin ma da almakashi ake yi. Baffa ya dawo da garin maganin wanzamin nan.

Da safe Sista ta zo da jakarta, Baffa ya tare ta a ƙofar gida ya ce an gode, an sallame ta. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ita kuwa cewa ta yi, "To, Alhaji. Gaisuwa fa? Ita ma an hana?" Ya ce a'a. Ta ajiye jakar a waje, ta shiga ta gaida Baba, ta tambayi kwanansa, ta fita. Washegari ta dawo. Kwana na uku ma ta dawo. Kwana biyar tana takowa daga Tarauni don ta ce ina kwana, idonta a kan ƙafar, hannunta a bayanta. A hanya take gaya mini abin da zan duba: wari, zafin jiki, ko ya fara sambatu.

Ranar Juma'a, kwana na shida, warin ya dawo har zaure. Sista ta ce mini, "Husaina, me ɗan'uwanki ya rubuta ne?" Na ɗauko na karanta mata a gaban Baba. Ina tsammanin za ta yi fushi a inda ka ce a sallame ta. Da na gama, sai na ga tana share ido da gefen ɗankwali.

Ta ce, "Malam, ɗanka bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani na gani. Lokacin yaƙin basasa ina budurwa, a wata makaranta da aka mayar asibiti a ƙauyenmu nake aiki. Ba magani, ba bandeji, sai gishiri. Na riƙe ƙafafun da aka yanke har na daina ƙirgawa, kuma rabinsu da an wanke su da wuri da masu su sun tafi gida da su. Shi ya sa har yau na kasa zama a gida. Ni da ɗanka abu ɗaya muke tsoro."

Baba ya ce, "Na sani, Sista. Amma an haɗa ni da Allah."

Ta ce, "Wuƙa da almakashi ya hana. Ya hana biro?"

Ta karɓi biron hannuna, ta durƙusa, ta zana layi a fatarsa daidai inda jan kumburin ya tsaya, ɗan sama da idon sawu. Ta ce, "Ba zan ƙara magana ba. Kai ma'aunin aiki ka sani. Gobe ka duba da kanka. Idan jan yana nan a bayan layi, ba za ka sake ganina da jaka ba. Idan ya tsallake, to ka san inda ya nufa, kuma ka san saurinsa."

Washegari ita ce Asabar ɗin miƙa mulki. Unguwa duk an taru a gaban talabijin ɗin mai shayi, rediyo a kowane gida tana tashi. Baba ya ce in miƙo masa tef ɗinsa na awo. Ya janye zane. Jan ya haye layin. Ya auna da kansa, inci biyu da rabi, ya sa tef ɗin daga layin zuwa gwiwa, na ga leɓensa yana motsi. Ya ce, "Kwana biyar." Sai ya ce, "Kira Rabi'u ya nemo tasi. Mu'azu ƙafa ya ce in tsare masa, to ita zan je in tsare."

Da na fita neman Sista, a bakin titi na same ta, ta riga ta tsayar da tasi tana jira.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti, ana sa masa magani ta jijiya. An cire yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu da maganar gwiwa ake yi. Ranar Laraba muka dawo gida, Sista ta ci gaba da wanki, yanzu ni nake yi tana tsaye a kaina tana faɗa. Baffa da kansa yake ɗaukar mata jaka daga bakin titi, ba wanda ya sa shi.

Da na karanta wa Baba takardarka ta biyu, dariya ya yi, ya ce a gaya wa kofur umarninsa ya iso bayan an gama yaƙi.

Ƙanwarka,
Husaina

*

Firitawun
4 ga Yuli, 1999

Husaina,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na yi sujada a kan laka da kakina. Ki gaida Inna, ki gaida Baffa, ki ce wa Baba dariyarsa ta iso, amma ni ban kai ga yin tawa ba tukuna.

Lafiyata da sauƙi. Ruwa a nan ba ya ɗaukewa, kwana da kwanaki ƙafa tana cikin takalmin but, tsakanin yatsuna ya yi fari ya tsattsage, ga ƙaiƙayi kamar in cire fatar. Rabin 'yan sashenmu haka suke. Ba abin damuwa ba ne, na faɗa ne don na daina ɓoye muku.

Ana maganar sulhu, ana kuma cewa sabuwar gwamnati za ta fara kwashe mu kashi-kashi. Ban san kashin da zan faɗa ba.

Sauran takardar nan ta Sista ce, ki kai mata.

Mama, ina gaishe ki da girmamawa. Ni ne Mu'azu, wanda ya ce a sallame ki bai taɓa ganin fuskarki ba. Na ga jarumai a nan, na ga wanda ya koma cikin wuta ya ɗauko abokinsa. Amma a kore mutum daga ƙofa ya dawo washegari, ya sake dawowa, har kwana shida, ba don ɗansa ba, ba don ɗan'uwansa ba, wannan ban san sunansa ba. Ki yafe mini. Kuma ina roƙon abu ɗaya, don na ga ke ba kya rufa-rufa: yatsun nan biyu, takardata ce ta ci su? Husaina za ta lallashe ni, Baba zai yi dariya. Ke nake so ki faɗa mini.

Ɗanki,
Mu'azu

*

Gyadi-Gyadi
Lahadi, 15 ga Agusta, 1999

Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum. Duk muna lafiya. Inna ta ce tunda an fara maganar kwaso ku, ita ta fara tanadin kaji. Mikin Baba ya rufe ruf tun ƙarshen Yuli, sai tabo.

Na kai wa Sista takardarka. Ga amsarta, yadda ta faɗa haka na rubuta:

"Mu'azu, na yafe, dama ban riƙe ba. Ka tambaye ni gaskiya. Ƙaramin yatsan ya mutu tun kafin ka ɗauki biro, ba ruwanka da shi. Na biyun, kwana shidan nan ne suka ci shi. Ba zan ce maka a'a ba. Amma ka sani ƙusa ta yi mako a ɓoye, garin magani ya yi kwana biyar, suga ya yi shekaru ba wanda ya sani. Kowa ya sa hannu, kai naka hannun tsoro ne da ƙauna. Ka ɗauki rabonka kawai, kada ka ɗauki na wasu. Maganar ƙafarka kuma, kada ka ce ba abin damuwa ba ne, haka ubanka ya ce. Wannan ba irin cutar Malam ba ce, danginsu ɗaya da makero, irin fumfunar da take fitowa a kan tuwon da ya kwana a rufe. Laima take so. Duk lokacin da ka samu ka cire but, ka wanke, ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka shanya safa, kada ka ari ta wani. Ga man shafawa nan guda shida, ɗaya naka, biyar na abokanka. Ko ƙaiƙayin ya daina ka ci gaba har mako huɗu."

A kwance ta faɗi wannan, Yaya. Mako biyu ke nan ba ta da lafiya. Wasu ƙuraje masu ruwa ne suka feso mata a gefe ɗaya, daga baya suka zagayo har ƙirji kamar an yi mata rabin ɗamara, zafinsu kamar wuta, ko riga ba ta son ta taɓa. Ta ce ciwon ƙarambau ne da ta yi tana yarinya, ƙwayarsa ta kwanta a jiki shekara hamsin, yanzu da ta ga gajiya ta farka. 'Yarta Ogechi ta zo daga Kaduna tana jinyarta, ni kuma ina zuwa bayan an tashi daga makaranta. Matan da take wanke wa miki a Tarauni da Daurawa sun cika gidan da kwanuka, har an rasa wurin ajiyewa.

Mun ɓoye wa Baba, amma shekaranjiya Juma'a ya ji a bakin Baffa. Bayan an sauko daga masallaci ya ce zai je dubiya. Baffa ya ce bari ya kawo babur. Baba ya ce, "Wata huɗu tana takowa a ƙasa saboda ni. Ba zan je mata a kan babur ba."

Ya sa takalmin da aka ɗinka masa mai laushin ciki, ya ɗauki sanda. Rabonsa da wuce bakin layinmu a ƙasa tun Sallah. Na bi shi a baya da kujera 'yar tsugunno. Sau uku ya zauna. Masu shaguna suna fitowa suna "Malam, kai ne? Barka da arziki!" Tafiyar da nake yi a minti ashirin, sai da muka yi awa ɗaya da kwata.

Ogechi ta shigar da mu. Sista tana kishingiɗe a gefen da ba ciwo, ta rame, muryarta ƙasa-ƙasa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya tattaro duk jawabin da na san ya shirya tun daga gida, ya ce, "Sista, na zo ne in..."

Ta ɗaga hannu. Ta dubi ƙurar da ke ƙafar wandonsa, ta dube ni, ta ce, "Da me kuka zo?"

Na ce, "A ƙasa, Mama. Ya ƙi hawa babur."

Ta ce, "Daga Gyadi-Gyadi? A kan sabon tabo?" Ta yunƙura ta tashi zaune, tana cije leɓe don zafi, Ogechi tana "Mama, kwanta," ba ta ko kalle ta ba. Ta ce, "Malam Ɗan'azumi, ajiye gaisuwar tukuna. Zauna. Cire takalmin."

Baba ya zauna kamar ɗan aji ɗaya, ya cire. Ta ce in buɗe taga. Ta juya ƙafar dama da hagu, ta duba tabon, ta duba dunduniya, ta bi yatsu ukun ɗaya bayan ɗaya. Can ta sake ta, ta koma ta kishingiɗa a hankali, ta rufe ido.

Ta ce, "Ƙalau take. To, yanzu gaishe ni."

Baba ya buɗe baki, jawabin ya ƙi fitowa. Ni ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Da ƙyar ya ce, "Sannu, Sista. Ya jiki?"

A tasi muka dawo, ita ta yi umarni.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Ƙanwarka,
Husaina